Ƙunshin da Take Sakawa a Durom ɗin Shara

A layin nan ba wanda ke kiranta da wani abu in ba matar mai walda ba, ita ma ba ta taɓa neman a kira ta da wani abin ba. Gajeriyar mace ce mai saurin tafiya, kafaɗarta ta dama ta ɗan fi ta hagu sauka saboda shekarun da ta kwashe tana danna dutsen guga. A wani shagon wanki da guga take aiki, can bakin babban titi, a ɗakin baya wanda ba shi da taga, sai wata fanka mai gurnani. Ita ke laluba aljihun kowace riga kafin a jefa ta a inji, ta mayar da maɓallin da ya tsinke, in kaya sun bushe ta goge, ta ninke, ta ƙulle a leda. Ba ta da yawan magana. Mai shagon yakan ce da bakin mutum yana tsatsa, da nata ya daɗe da cijewa.

Ita ce babba a ɗakinsu, waɗanda suka biyo ta ba su yi rai ba sai na ƙarshen, wanda kowa ke ce wa Auta. Yana rarrafe uwarsu ta rasu, don haka a bayanta ya girma, ita ta yaye shi, ita ta koya masa ɗaure takalmi. Da ta yi aure ta tafi da shi kamar yadda ta tafi da tukwanenta, mijin kuma bai nuna ƙyashi ba. Ya sa shi a gaba zuwa wurin aiki, ya koya masa walda. Hannun yaron ya faɗa da wuri, har mai walda yana alfahari da shi a gaban masu kawo aiki, yana cewa nan gaba shi zai riƙa karɓar umarni a wurinsa.

Sai abokai suka shigo, ƙwaya ta biyo bayansu. Aka fara neman sufana a rasa, aka nemi injin yankan ƙarfe aka rasa. Mai walda ya yi faɗa, ya yi nasiha, ya yi duka, ya koma nasiha. A makon da ya samu aikin ƙofofin wani babban gida, aikin da ya daɗe yana addu'ar samu, sai ya buɗe shago ya tarar babu wayoyin injin walda. Auta ya kwashe su, ya ƙone robar ya sayar da tagullar. Aikin ya kuɓuce, aka bai wa wani. A ranar, a tsakar ɗaki, mai walda ya nuna matarsa da yatsan da wuta ta cinye wa farce.

"Muddin ina numfashi ba zai ƙara taka ƙofata ba. Ke kuma ko ruwa kika miƙa masa daga gidan nan, ki bi shi."

Ta san bai yi zalunci ba. Bayan wani lokaci suka tashi daga waccan unguwar suka dawo wannan layin, suka kama ɗaki da falo a ƙasan wani bene. A nan ba wanda ya san tana da ƙane. Ba wanda ya tambaya, ita kuma ba ta tsokano zancen ba.

Kowane gida a layin yana da durom a bakin ƙofa, mutanen sama da na ƙasa duk a ciki suke zubar da shara. Motar kwashewa tana zuwa ranar da ta ga dama. Kafin ta zo, 'yan bola sukan biyo da buhunansu da ƙugiyar ƙarfe, su tone, su tsinci gwangwani da robar ruwa da duk abin da masu sikeli za su saya. Wata safiya ta fito da bokitin shara, sai ta ga wani dogo ya zura rabin jikinsa cikin durom ɗinsu. Tun kafin ya ɗago ta gane shi, ta ƙeyarsa, ta yadda yake tokare ƙafa ɗaya a kan ɗaya in yana tsaye. Ya ɗago, suka haɗa ido. Ya rame har kunnuwansa sun fito, haƙoransa na gaba sun zube. Shi ya fara kawar da kai. Ita ma ta kawar, ta juye bokitinta, ta koma ciki ta jingina da bango.

Ta kwana biyu tana juya maganar mijinta a zuciya, kamar yadda take juya riga tana neman inda ta yage. Cewa ya yi kada ta miƙa. To, ba za ta miƙa ba. Zubarwa za ta yi, abin da aka zubar kuwa ya fita daga hannun mai gida, ya zama na wanda ya tsinta.

Haka ta fara. In ta dafa shinkafa sai ta ɗebi rabin nata kason, ta haɗa da dafaffen ƙwai ko gutsuren burodi. Leda biyu take sawa, ɗaya a cikin ɗaya, ta matse iskar, ta murɗe bakin, ta yi masa irin ƙullin da suke yi wa kayan wanki a shago, mai kunne biyu, wanda ja ɗaya ke warware shi. Sai ta shimfiɗa kwali a saman sharar, ta ɗora ƙunshin, ta yayyafa ɓawon albasa a kai don kada ya ja ido. Wata rana ta haɗa da sabulu, wata rana da rigar da mai ita ya manta da ita a shago har aka fidda rai.

Ba su taɓa magana ba. Ta fahimci cewa shi ma hakan ya fi masa. Ba zai iya karɓar loma daga hannun Yayar da ya jawo wa abin kunya ba, amma abin da ya tsinta a shara ba wanda ya ba shi, aikinsa ne tsintar. Ranar da take da shigar rana a wurin aiki takan leƙa ta gefen labule, ta gan shi ya tsuguna a bayan turken lantarki ya juya wa gidan baya yana ci. In ya gama yakan ninke ledojin nan ƙanana, tsaf, ya mayar ƙarƙashin kwalin. Da wannan take sanin ya samu. Iyakar abin da ya rage a tsakaninsu ke nan, kuma ta riƙe shi da hannu biyu.

Abin da ba ta lissafa da shi ba shi ne, 'yan bola ma suna da ido, suna kuma da labari. Magana ta zaga a tsakaninsu cewa akwai wani durom a wani layi da ake samun abinci da ɗuminsa. Baƙin fuskoki suka fara bayyana. Ta riƙa tarar da ledojin a yage a ƙasa, wanda ke nuna wani ne ya riga shi. Ta ga Auta da fasasshen leɓe. Sai ta ƙara yawan abincin, tana ganin in ya yi yawa za su raba, hakan kuwa ya ƙara jawo wasu.

Tare da su sata ta shigo layin. Ba babbar sata ba, irin mai cin rai ɗin nan. A cire kan famfo a bar ruwa yana tsiyaya, a ɗauke takalmi a bakin ƙofa, a zare shanya daga igiya, a ɓalle murfin mita. Wani tsoho da ke gidan da ke kallon nasu, wanda ake kira Baba mai fansho, ya fito zai tafi asibiti ya rasa takalmansa na fata, ya tafi da silifas ɗin banɗaki yana zage-zage. Bayan 'yan kwanaki ta hango takalman a ƙafar Auta, sun yi masa yawa, ya cusa takarda a dunduniyar. Ta gani, ta haɗiye.

Wadda abin ya fi ci ita ce mai jegon da ke saman benensu. Yarinya ce ƙarama, mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi makonni bai kwana gida ba. An ɗauke mata tukunyar gas daga ƙarƙashin matakala, an kwashe kayan jaririn daga igiya har da 'yan safa. Wata rana tana shayarwa ta ɗago kai ta ga wani ya hau katanga yana leƙen barandarta. Tun daga nan barci ya ƙaurace mata, idanunta suka faɗa, ko murfin tukunya ya faɗi sai ta zabura.

Mazan layin suka zauna a ƙofar Baba mai fansho. Wani ya ce a ɗauki mai gadi, wani ya ce mai gadin ma sai an sa masa mai gadi. Baba ya ce shi tun da aka sace takalmansa yake kallon ƙafar kowa, har limamin da ya zo yi masa jaje bai tsira ba. Aka yi dariya kaɗan, ba mai daɗi ba. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa duk durom za a yi masa kejin ƙarfe mai kwaɗo, in babu abin tonowa ba mai zuwa. Mai walda ya ce shi zai yi, a ba shi lokaci ya samo ƙarfe. Da ya dawo gida ya ba matarsa labari da fara'a, rabon da ta ga fara'arsa haka an daɗe. Ta ce Allah ya taimaka, ta ci gaba da tsince shinkafa.

Tana cikin tunanin yadda za ta yi bayan keji, sai abin da ya fi shi ya zo. Da safe a bakin famfo, mai jego ta matso kusa da ita, jariri a kafaɗa, ta rage murya.

"Anti, ni fa ba zan jira kejin nan ba. Na gano maganinsu."

Ta ce ta daɗe tana lura daga sama. Akwai wani a gidan nan da ke zubar da abinci a ƙunshe kamar za a kai wa mara lafiya asibiti, leda biyu da wani ƙulli mai kunnuwa, kuma duk wanda ya zo tonon durom shi yake fara nema. Ta ce ta zauna ta koyi ƙullin. Ta ce yau ta haɗa nata, ta cakuɗa da maganin ɓera, ta riga ta saka.

Ruwa ya cika bokitin matar mai walda yana zuba a ƙafarta, ba ta ji ba. Da ƙyar ta ce ai mutane ne ke ci.

"Ni don karnuka da ɓeraye na sa," in ji mai jego, tana jijjiga ɗanta. "In wani ya ga ya dace ya ci abincin kare, ni ban gayyace shi ba."

Ta jira yarinyar ta hau sama, ta je ta ciro ƙunshin. Ba ya da maraba da nata, har kwalin an shimfiɗa. Ta juye shi a masai, ta wanke hannu har fatar ta yi ja. Washegari aka tsinci wani kare a bakin kwata, kumfa a bakinsa, ƙafafunsa a miƙe. Wato bayan ta tafi aiki an sake saka wani.

Ta hau sama ta yi wa mai jego magana, abin da ba ta saba ba. Ta ce mata alhaki ne, ta ce in rai ya fita hukuma za ta shigo. Yarinyar ta saurare ta har ta gama, sannan ta ce ita Anti ai mijinta a gida yake kwana, ba za ta gane ba. Matar mai walda ta je wurin masu sikeli da ke sayen kayan bola tana kwatanta wani dogo mara haƙoran gaba. Suka ce irinsa sun fi a ƙirga, kuma ba wanda ke da wurin kwana ɗaya. Ta yi tunanin daina saka nata don ya daina zuwa, sai ta ga ai in ta daina, ƙunshi ɗaya ne zai rage a durom, mai gubar. In kuma ta saka, sun zama biyu iri ɗaya. Ita da hannunta ta koya masa cewa duk abin da aka yi wa wannan ƙullin lafiya ne, ya ci ba tare da ya shinshina ba.

Ta koma gadin durom. Ta fito da shara sau uku a safiya ɗaya, ta share ƙofar gida da aka riga aka share. Ta riƙa makara, mai shago ya ce in ta gaji da aikin ta faɗa, akwai masu so. A wurin guga ta ƙone wuyan rigar wani, abin da bai taɓa faruwa da ita ba. Auta kuwa ba ya da lokaci, wata rana ya zo da hantsi, wata rana sai rana ta take, wata rana ba ya zuwa sam.

Ranar da mai walda ya zo awon kejin gidansu, layin ya cika da 'yan kallo. Yana tsugune da tef da alli, Baba mai fansho yana tsaye a kansa yana ba da shawarar da ba a nema ba. Matar mai walda ta fito da jakarta za ta tafi aiki, sai ta ga mai jego ta sauko, ta zaro abu daga ƙarƙashin mayafi, ta saka a durom kamar ba komai. Ta ɗaga ido, can ƙarshen layi ga Auta da buhu a kafaɗa, yana tafe daga durom zuwa durom, saura gida kaɗan ya iso.

Ta ajiye jakar a ƙasa, ta ratsa tsakanin mijinta da tsohon, ta zura hannu har kafaɗa ta ciro ƙunshin.

"A'a, matar mai walda," in ji Baba mai fansho, "ke ma kin shiga sana'ar? Ki bari a gama kejin mana, sai mu ba ki makulli naki na kanki."

"Anti, mayar," mai jego ta ce. "Ba naki ba ne."

"Ƙanena ne zai ci." Ta ɗaga murya ta sake faɗa. "Wancan mai buhun, ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni ce nake sa masa abinci a nan. Wannan kuwa akwai maganin ɓera a ciki."

Mai walda ya miƙe a hankali, ya bar tef ɗin ya naɗe kansa, ya dubi ƙarshen layi ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ta tun yaushe. Kafin ta amsa, surutu ya ɓarke. Maganar gubar ba ta tsaya a kunnen kowa ba, ɗaya maganar ce ta tsaya. Mai jego ta ce to tunda ɗan gida ne, a tambaye shi ina tukunyar gas ɗinta. Wata ta ce ashe ɓarawon da uwar ɗakinsa a cikinsu. Baba mai fansho ya daina dariya, ya ƙanƙance ido yana duban ƙafafun mai buhun.

Ta bar su ta nufe shi, ƙunshin yana hannunta don ba ta san inda za ta ajiye shi ba. Ya hango ta tafe da abinci a fili, mutanen layi duk a bayanta suna kallo. Ya tsaya cak. Rabon da ta tsaya kusa da shi haka shekaru, har tana jin warin hayaƙi da tsami a jikinsa.

"Auta," ta ce. "Tsaya ka ji. Kada ka ƙara..."

"Baiwar Allah," ya katse ta, idonsa a ƙasa, "kin ɗauke ni wani ne. Ni ban san ki ba."

Ko don ya kare ta ya faɗa, ko don kunya, ba ta samu ta sani ba. A bayanta wani ya ce ga takalman Baba can, samari suka yunƙuro. Auta ya yar da buhun, gwangwanaye suka watse a titi da ƙara, ya zuba a guje, takalmi ɗaya ya fice ya bari a tsakiyar hanya. Ta bi shi da murya tana cewa akwai guba, kada ya ci mai ƙulli, ko a ina ya gani kada ya ci. Amma ana ihu, gwangwani yana gangara, wani babur yana wucewa. Ya sha kwana bai waiwayo ba.

Mai walda bai kore ta ba. Da yamma ya zauna a bakin gado yana cire takalmin aiki, ya ce ya taɓa cewa ta bi shi, to ga shi ya gudu, ina za ta bi shi. Daga ranar ya koma cin abinci a wurin aiki. Suna gaisawa da safe, suna maganar wuta da ruwa da haya, iyakarsa ke nan. Kejin kowane durom kuwa ya yi shi da kyau, ƙarfe mai kauri, ko hannun yaro ba ya shiga. 'Yan bola suka daina biyowa, satar ta ragu, ba ta ƙare ba. Matan layin ba su daina amsa gaisuwarta ba, sai dai in ta shigo tsakar gida sukan tuna da shanyarsu su kwashe.

Auta bai sake zuwa ba. Ta yi ta gaya wa kanta cewa ya ji, tunda ba nisa tsakaninsu, kuma kunnensa tun yana yaro mai kaifi ne. Ta kusa yarda da hakan, sai wata rana a shago wata mata da ta kawo labule wanki ta tsaya hira da mai shagon. Daga wata unguwa take, can ƙetaren titin jirgi. Ta ce su ma 'yan bola sun dame su, amma wata ƙawarta ta koya musu dabarar ƙunshin abinci mai maganin ɓera, an ce daga wajen nan ta samo asali. Ta ɗauki leda a kan teburin shagon ta nuna yadda ake ƙullin, kunne biyu, ta ce shi suke fara ɗauka, tana dariya.

Yanzu matar mai walda tana fita da wuri, kuma ba ta bin babban titi. Takan zaga ta layukan da ba a yi wa durom keji ba, yau wannan unguwa, gobe waccan. Tana tsayawa a kowane durom ta ɗaga kwali ta duba. In ta ga leda mai ƙulli sai ta ciro, ta warware, ta juye a kwata, ta tura da ƙafa har ruwa ya tafi da shi. Yawanci ba komai a ciki sai ɓawon ƙwai ko ƙazantar jariri. Mutanen can ba su san ta ba. Wasu sukan ce mahaukaciya ce, wasu su ce leƙen asiri take yi wa ɓarayi, wata ta taɓa watsa mata ruwan wanke-wanke daga bene. Takan goge fuska da gefen mayafi, ta wuce durom na gaba, ta isa shago a makare.